Amsoshin Takardunku: Tarihin Wayar Salula da Dalilin Ɗaukewar Sabis a Ƙasar Rano

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Kibiya ta jihar Kano, ya rubuto yana cewa tsohuwar Nokiyarsa ta daɗe tana yi masa aiki, amma bana sabis ya riƙa ɗaukewa. Ya ce ran nan abokin cinikinsa na Dawanau ya yi ta nemansa don ya shaida masa masara ta tashi, bai same shi ba, shi kuwa ya sayar da buhu 20 a tsohon farashi. Yana so ya ji yaushe wannan waya ta shigo ƙasarmu, kuma laifin na wayar ne ko na kamfani.

AMSA: To Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Tambayoyin nan naka biyu a haɗe suke, don wanda ya san tarihin wayar zai fi saurin gane ciwonta.

Kafin shekarar 2001 galibi wayar tangaraho ce, akasarinta a hannun hukumar NITEL wadda aka kafa a 1985. Duk faɗin Nijeriya layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuma a ofisoshin gwamnati da gidajen attajiran birni. Mutumin Rano in yana da saƙo zuwa Kano, sai dai ya ba direban mota takarda, ko ya aika sanarwa gidan rediyo. Akwai wata salula mai lamba 090 a shekarun 1990, amma ta manya ce.

A watan Janairun 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan Dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin yakan kai Naira dubu 20, kira kuma Naira 50 kowane minti, ko da sallama kurum ka yi ka kashe. Shi ya sa masu lema da tebur suka cika bakin hanya suna sayar da kira. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai farashi ya karye. A shekarar ce kuma Nokia 1100 mai tocila ta fito, wadda da ita da ƙannenta samari ke kira raka-ni-kashi. Econet kuwa ta yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ta zama Airtel a 2010.

Kamfanonin nan birane da manyan hanyoyi suka fara kafa wa ƙarafan sabis, ƙauyuka sai daga baya. Dattawa za su tuna yadda akan hau tudu ko itace a ɗaga waya sama ana neman sabis. Dalili shi ne, waya 'yar ƙaramar rediyo ce, tana ji kuma tana magana da ƙarfen da ya fi kusa da ita. Ƙasar Rano ga ta da duwatsu, dutse kuwa yana tare wannan magana kamar yadda katanga ke tare iska. Haka ma rufin kwano, da katangar ƙasa mai kauri, da jiƙaƙƙun itatuwa da damina. Sannan tsohuwar waya tsarin 2G kaɗai take ji. An kawo 3G, aka kawo 4G, a 2022 aka fara 5G, duk ba ta san da su ba. Don haka ɗanka mai babbar waya yana iya samun sabis a inda taka ta rasa.

To yaya za ka gane inda ciwon yake? Kada ka kashe ko kwabo sai ka yi gwaji uku. Na farko, tambayi maƙwabtanka masu irin layinka. In duk kuka ɗaya kuke yi, daga ƙarfen ne: ko man janareto ya ƙare, ko masu aikin hanya sun tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa. Wani lokaci ma hukuma ce, kamar yadda aka rufe sabis a Zamfara da wasu sassan Katsina a watan Satumbar 2021 saboda tsaro. Wannan ba aikin mai gyara ba ne.

Na biyu, cire sim ɗinka ka sa a wayar wani kuna tsaye wuri ɗaya. In can ma bai kawo ba, sim ɗin ne. Goge bayansa mai ruwan zinare da busasshen ƙyalle. In ya ƙi, je ofishin kamfanin a sabunta maka shi da lambarka, a kuma duba ko an haɗa shi da lambar NIN, don tun ƙarshen 2020 aka wajabta haka, an kuma toshe layuka da yawa a kan wannan.

Na uku, sa sim ɗin wani a taka wayar. In nan ma shiru, to wayar ce. Fara da batir. Waya ta fi jan wuta lokacin kira, musamman in ƙarfe na nesa. In sabis a cike yake amma da ka danna kira ya zube, ko batirin ya kumbura, sauya shi. Bayan nan a duba eriya, wadda a irin waɗannan wayoyi tana ciki ta sama a baya, ta dogara da 'yan ƙananan ƙarafa da ke taɓa injin. Faɗuwa takan gusar da su, gumi da ruwan damina su sa su tsatsa, ƙurar hunturu ta toshe su. Mai gyara na gari zai buɗe ya wanke da sifirit ya daidaita, kuɗi kaɗan. Sai in duk wannan ya faskara za a zargi 'yar na'urar da ke ƙara wa waya ƙarfin magana, wadda masu gyara ke ce wa ayisin sabis. Ita kam sai ƙwararru, irin na kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Ka ji kuɗin aiki tukuna, don wani sa'in ya kusa kuɗin sabuwar ƙaramar waya. Ka cire sim ɗinka kafin ka bar ta. Takardar nan mai ƙyalli da ake mannawa a bayan batir wai tana jawo sabis, kada ka saya, ba ta ƙara komai.

Shawararmu ta ƙarshe, tunda abincinka a kan waya yake, ka riƙe layin kamfani biyu, ka kuma san wurin da sabis ya fi zama a gidanka, ka riƙa ajiye ta can ran kasuwa.