Bindigar Harsashi da ta Koma ta Toka: Waiwaye a kan Yarjejeniyar Birasels ta 1890

Manufar wannan takarda ita ce mu sake duba wani hukunci da muka saba ji a azuzuwan tarihi, watau cewa mutanen Afirka ta Yamma sun riƙe bindigar toka har Turawa suka ci su da yaƙi domin ba su san ta zamani ba. A ganinmu sun san ta, sun saye ta, sun kuma yi yaƙi da ita. Abin da ya gagare su shi ne harsashinta. Wannan ne ya kai ga wani abu mai kama da koma-baya: a ɗauki bindigar da aka ƙera don a sa mata harsashi ta gindi, a mai da ita mai ɗuri ta baki.

Ya kamata mu fara da bambancin su biyun. Bindigar toka, wadda ake kira adaka, albarushi ake zuba mata ta baki, a bi da dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Duk abin da take ci ana iya samunsa a gida. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, ana haɗa albarushi, har igwa ake zubawa. Ita kuwa ta harsashi, irin su Snider ta 1866 da Martini-Henry ta 1871 na Ingila, da Gras ta 1874 ta Faransa, ba ta cin kome sai kwanson tagulla wanda aka auna daidai da cikinta, mai 'yar hula a gindi wadda ke tayar da wuta. Na Gras ba ya shiga Martini. Saboda haka wanda ya sayi bindigar ya ɗaura wa kansa igiya, bakinta kuwa yana hannun masana'antar Turai.

A ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashen da suka taru a Birasels ta Beljiyam suka ja wannan igiya. Da sunan hana cinikin bayi, yarjejeniyarsu ta hana sayar wa 'yan ƙasa bindigogin zamani da harsasansu tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, ta bar musu bindigar ƙyastu mai sulɓin ciki da albarushin kasuwa kawai. Ta fara aiki a 1892. Ba mu musun muguntar cinikin bayi, amma dai abin lura ne cewa dokar ta zo daidai lokacin da masu sa mata hannu ke shirin mamaye ƙasashen da ta shafa.

Daga nan mai bindigar harsashi sai ya zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ya nemi harsashi ta ɓarauniyar hanya da tsada, kamar yadda ake samu daga fataken Tarabulus ta hamada. Ko ya tsince kwanson da aka harba ya sake cika shi. Wannan hanya ta manyan dauloli ce. Samori Ture, da aka toshe masa hanyar Saliyo wajen 1893, ya dogara ga maƙeransa, waɗanda suka kwaikwayi bindigar Gras suka kuma riƙa cika kwanso, har aka kama shi a 1898. Mahdiyyar Sudan ma, wadda ta ganimance dubban bindigogin Remington a Shaikan a 1883, haka ta yi a Omdurman, ko da yake albarushin nata ba shi da ƙarfi. Sai dai kwanso yana tsagewa in an yi ta maimaita shi, hular nan kuwa ba aikin maƙera ba ce.

Hanya ta uku ita ce ta wanda ba shi da daula, kamar maharbi. A jikin bindiga babu abin da ya fi bututu wuyar ƙira, don haka maƙeri ba ya yar da bututun Turai. Sai ya toshe gindinsa, ya yi masa kafar wuta, bindiga ta koma cin abin da ake da shi. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Kada mu raina hasarar da ke cikin wannan. Cikin bututun irin wannan bindiga akwai zane a murɗe wanda ke juya harsashi ya tafi saiti. Dalmar da za ta kama zanen ba ta shiga ta baki da sauƙi, wadda ta shiga da sauƙi kuwa ba ta kama shi ba. Ga kuma daɓen albarushi da ke cike zanen bayan 'yan harbe-harbe. Sa'an nan mai ɗuri ta baki sai ya miƙe tsaye, alhali abokin gabarsa yana kwance yana ɗuri. Wanda ya tuna bindiga mai ruwa da Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903 ya san abin da tsayuwar nan ke nufi.

Abin mamaki, Turawan ma sun shiga wannan sana'a ta mai da hannun agogo baya. Maƙeran birnin Liyej na Beljiyam sun ci gaba da harhaɗa bindigogin ƙyastu, wasu daga tarkacen tsoffin bindigogin soja, suna aikowa Afirka har cikin ƙarni na 20, bayan sojojin Turai sun koma ga albarushi marar hayaƙi tun daga bindigar Lebel ta 1886. Rabe-raben Birasels kuma bai mutu da mulkin mallaka ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware bindigogin ɗuri ta baki, watau adaka da ta ƙyastu da mai hula, a wani aji daban, da sharuɗɗan lasisi dabam da na bindigar harsashi.