Hasumiyar Tsakiya: Labarin Birnin Gent

Yau za mu leƙa ƙasar Beljiyam, wani tsohon birni da ake kira Gent.

In ka tsaya a tsakiyar birnin, hasumiyoyi uku za ka hango a jere. Biyu na coci ne, St. Nicholas da St. Bavo. Ta tsakiyar fa? Ba ta coci ba ce, ba kuma ta sarki ba. Ta mutanen gari ce.

A zamanin nan Gent ta yi kuɗi da saƙar tufafin ulu, ulun ma daga Ingila ake kawo shi. Da attajirai da masaƙa suka ji sun isa, sai suka fara gina tasu hasumiyar a 1313, aka gama a 1380. Yau tsayinta mita 91, ta ɗan ɗara ta St. Bavo mai mita 89. Mita biyu kacal, amma fa ta ɗara.

Kada ku ɗauka ado ne. A da, a cikinta ake kulle takardun 'yancin birnin, wato yarjejeniyoyin da suka taƙaita ikon mai mulki a kansu. A samanta akwai masu gadi, da wata ƙatuwar ƙararrawa mai suna Roland. Ita ke sanar da gobara, ita ke kiran maza su fito in abokan gaba sun doso. A ganina, wanda igiyar ƙararrawar nan ke hannunsa, garin ne a hannunsa.

Sarki Charles na Biyar ya san haka sarai, don a Gent aka haife shi a 1500. A 1539 mutanen garin suka yi tawaye, suka ce ba za su biya harajin yaƙinsa da Faransa ba. A 1540 ya shigo da runduna. Aka kashe jagororin tawayen, aka soke takardun 'yancin, ya kuma ba da umarni a sauke Roland. Manyan gari kuwa aka sa su tafiya ba takalmi, wasu da igiyar rataya a wuya, su zo gabansa neman gafara.

To abin mamakin, wulaƙancin nan shi suka mayar kirari. Har yau 'yan Gent na kiran kansu "masu igiya a wuya", kuma duk watan Yuli, lokacin bikin garin, akwai masu fitowa jerin gwano da fararen riguna, igiya rataye a wuyansu.