Daga Ƙofar Gida Zuwa Kasuwa: Ina Kare Kai Ya Tsaya?



A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kansu, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Amma mutumin Zurmi da bai manta kisan Birane na Fabrairun 2018 ba, da na Shinkafi da Bello Turji ya hana barci, tambayarsu ɗaya ce: wanda ya ɓalle mini ƙofa da dare, in kashe shi?

Doka ta daɗe da amsawa. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya ba mutum damar kare ransa da gidansa, haka ma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999. Sai dai da sharaɗi: kada ƙarfin ya wuce abin da haɗarin ke buƙata. Malaman fiƙihu ma haka suka ce: a kori mahari da abu mafi sauƙi tukuna, in ya juya da gudu ba a bin sa a kashe.

Nan ne tarihinmu ya karkace. 'Yan sa-kai sun taso ne don tsare ƙauyuka daga ɓarayin shanu. Daga baya wasunsu suka koma kama Fulani a kasuwa suna kashewa ba alƙali, ba shaida. Dangin waɗanda aka kashe wasu suka shiga daji, su ma suna kiran nasu kare kai. Kowa na ramuwa, gawa na ƙaruwa. Ko Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, wannan iyakar ce jarrabawarsu.

Ni dai ba zan zargi magidancin Ƙauran Namoda da ya harbi wanda ya haura masa katanga da bindiga ba. Amma in gari ya waye ya nufi rugar da yake zargi, sunan abin ya canja.

Idan za ku saka wannan a labari, kada ku tsaya a daren harin. Ku bi jarumin zuwa washegari, ku nuna mana inda ya nufa.

Allah ya kawo mana zaman lafiya.