Ƙwaron fatsa mai haske a duhu: yadda yake aiki da inda amfaninsa ya tsaya

A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Niyu Zilan akwai salon kamun kifi na nishaɗi wanda ba a sa tana ko wani abinci a ƙugiya. Ana naɗa mata gashin tsuntsu da zare ne har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, sannan a wurga ta da sanda mai lanƙwasa. Daga cikin waɗannan ƙwarin na bogi akwai masu haske a duhu, waɗanda 'yan kasuwa ke tallatawa a matsayin maganin kamun dare. Abin da aka tabbatar game da su bai kai abin da tallan ke faɗa ba.

Daga ina hasken yake?

Ƙwaron ba shi da batir. Ana cuɗa zarensa ko fentinsa da wani sinadari mai shan haske, wanda ke sakinsa a hankali bayan an shiga duhu. A da ana amfani da zinki salfaid, wanda haskensa ke dushewa da wuri. A shekarar 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya samar da wani nau'i na sitirontiyam aluminet, mai haske da daɗewa kusan ninki 10 na tsohon. Haskensa kore ne, a zangon nanomita 520. Mai fatsa yakan haska ƙwaron da tocila kafin ya jefa, kuma yakan sake haska shi akai-akai, domin ƙarfin hasken yana raguwa sosai cikin mintunan farko.

Masu saye sukan rikita shi da wani nau'in daban, mai launi mai walƙiya. Wannan yana ƙyalli ne kawai muddin haske na sauka a kansa, a duhu kuwa ba ya ba da komai. Sanannen ƙwaron nan Glo Bug, mai kwaikwayon ƙwan kifi, yana cikin wannan rukuni duk da sunansa.

Me kifi ke gani?

Ruwa yana haɗiye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara ɓacewa cikin mitocin farko, shuɗi da kore kuwa su ne ke kaiwa zurfi a ruwa mai tsabta. Saboda haka koren haske abu ne da kifi ke iya hangowa. Sai dai hangowa ba ta nufin haɗiya. Da dare kifi yana dogara sosai da wata jijiya da ta bi tsawon gefen jikinsa, wadda ke jin motsin ruwa. Kifin da ke farauta daga ƙasa kuma yana ganin inuwar abin da ke samansa ne a kan hasken sararin sama. Shi ya sa masu kamun tirawut ɗin teku da dare a kogunan Birtaniya suka daɗe suna fifita baƙin ƙwaro.

Teku da ruwan daɗi

A teku, halitta mai ba da haske abu ne na yau da kullum. Wani bincike na Cibiyar Nazarin Teku ta Monterey a Kalifoniya, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na halittun da aka gani tsakanin saman ruwa da zurfinsa suna iya fitar da haske. A can, ƙwaro mai haske yana kwaikwayon abincin da kifi ya saba da shi. A koguna da tafkuna lamarin ya bambanta, domin irin waɗannan halittu ba su da yawa ko kaɗan. Misalin da aka fi ambata shi ne wani ɗan dodon koɗi mai suna Latia a rafukan tsibirin arewa na Niyu Zilan.

Duk da haka, a tafkunan Taupo da Rotorua na ƙasar, ƙwaro mai haske ya samu karɓuwa wajen kamun tirawut da dare a bakin rafuka. Da yawa daga masu fatsa suna ɗaura biyu a igiya ɗaya, mai haske da baƙi, kuma sun fi yarda da mai hasken a daren da babu farin wata. Sukan kuma yi gargaɗi cewa haske mai tsanani yana korar kifi a ruwa marar zurfi.

Wannan shaida ce ta gogewa, ba ta gwaji ba. Mai fatsa yakan tuna daren da ya yi sa'a, ya manta da wanda ya koma hannu rabbana. Wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Carleton ta Kanada suka wallafa a 2015 a kan kifin bas ya gano cewa launin abin yaudara bai sauya yawan kamu sosai ba. Zurfi da motsi da lokaci sun fi launi tasiri a mafi yawan yanayi.

Inda haske ya zama batun doka

Ƙwaro guda a ƙugiya guda ba ya ƙarar da kifin tafki. Matsalar tana tasowa ne idan aka mayar da haske makamin kasuwanci. Jiragen da ke kamun kifi mai bakin takobi suna rataya sandunan roba masu haske a dogayen igiyoyi, kuma da yawa daga cikinsu kan ƙare a matsayin shara a teku. A Ghana, dokokin kamun kifi na 2010 sun haramta tara kifi da fitila, saboda dabarar tana kwashe har ƙananan da ba su kai ga hayayyafa ba, amma har yau ana kokawa da raunin aiwatar da dokar.

Ga mai saye, ƙwaro mai haske yana da amfani a teku, a ruwa mai zurfi, da kuma dare mai duhu ƙirin. Da rana, ko a ruwa marar zurfi mai garau, kuɗinsa bai cika biyan buƙata ba.