Jaki, Taki da Itace: Tarihin Makamashin Birnin Kano

A 'yan shekarun nan, musamman tun bayan yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Paris cikin 2015, an yawaita kira ga kowane mutum da ya rage gwargwadon iskar kabon da zamansa na yau da kullum ke jawowa, watau abin da yake ƙonawa wajen girki da tafiya da haskaka gida, domin ita ce ke taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafin rana har lokutan damina da rani su rikice. Galibin shawarwarin da ake bayarwa an tsara su ne don mutanen Turai da Amurka, masu yawan motoci da hawa jirgin sama. Amma talakan Kano, wanda rabonsa cikin wannan hayaƙi bai taka kara ya karya ba idan an gwada da nasu, mas'alarsa mafi girma tana murhu. Saboda haka ya dace a waiwayi yadda wannan birni ya yi ɗaruruwan shekaru yana hura wuta safe da yamma, alhali karkarar da ke kewaye da shi ba ta zama faƙo ba.

Sa'ad da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna cikin ganuwa da kimanin mutum 30,000, waɗanda kan ninka in fatake sun sauka, ya kuma yaba albarkar ƙasar da ya ratso, da yawan ƙauyukanta, da itatuwan da ke tsaitsaye cikin gonakinta. Duk wannan jama'a da wuta suke rayuwa: matan gida na tuƙa tuwo, maƙera na bukatar gawayin ƙirya, marina na bukatar toka, almajirai kuma da dare hasken wutar kara ne fitilar da suke duba allo da ita. Makamashin nan kuwa, in an ɗebe kaɗan, daga gonakin kusa yake fitowa, irin na ƙasar Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Tofa, kuma a bayan jaki yake shigowa.

Tsarin kuwa abin sha'awa ne ga wanda ya tsaya ya yi masa nazari. Da zarar an kawar da amfanin gona kuma rani ya kama, manomi zai ɗaura wa jakinsa itace ko kara tun da asuba, ya nufi ƙofar da ta fi kusa da shi, ko Mazugal ko Dawanau ko Nassarawa, ya sayar da kayansa a unguwa. Sa'an nan, maimakon ya koma da jaki wofi, sai ya cika mangala da sharar gida, wadda a wancan zamani ba kome ba ce face tokar murhu da kashin tumaki da awaki da ɓawon gyaɗa da ragowar ƙasar ginin da ya rushe, ya kai gonarsa ya jibge tsibi-tsibi har zuwa faɗuwar ruwa. Da wannan taki ake noma gona guda kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, itatuwan cikinta kuma su sami rabonsu, su sake fid da rassan da aka sare. Reshen da aka ƙone bana, wanda zai tsiro a gurbinsa shi zai sake zuƙe mafi yawan iskar da ya fitar, jakin da ya ɗauko shi kuwa harawa yake ci, ba ya shan fetur. Ba wani mai mulki ne ya zauna ya tsara wannan ba. Bukata ce ta haɗa mutumin birni da na ƙauye, kowa ya sami maslaharsa a hannun ɗan'uwansa.

Duk da haka malamai ba su jahilci al'amarin ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa cikin Muhtasar na Shehu Halilu a zaurukan birni, kowane gari yana da hurumi, kuma cikin huruminsa har da wurin da mutanensa ke yin itace da kiwo, gwargwadon nisan da za a je a komo a yini guda, ba a yarda wani ya mallake shi ya hana jama'a ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa littafi a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da abin da ke sa mutum ya keɓanta da ita. Iyakar nan da fuƙaha'u suka ambata, ta tafiyar yini, kusan ita ce iyakar da jaki ya sanya wa kasuwar itace ta Kano.

A ganina asirin ɗorewar tsarin shi ne cewa itacen gona yana da mai shi. Ɗorawa na ba da kalwa da garin ɗorawa, kuka na ba da miya, tsamiya na shiga kunu, rimi na ba da audugar katifa, gawo kuwa, da yake yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ba ya hana gero rana kuma yana ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Wanda ya gaji irin waɗannan daga mahaifinsa ba zai kai gatari gindinsu ba. Sai dai ya hau ya rage rassa, ya bar uwar. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, kuma littafin da shi da abokan aikinsa suka fitar a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna abin da mutane da yawa ba su zata ba: itatuwan gonakin da ke dab da birni ba su ƙare ba, ko bayan farin 1973 da na 1984. Ɓarnar tana can nesa, a dajin da ba na kowa ba.

Abin da ya kai gatari can nesa kuwa mota ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, baƙi suka yi ta tuɗaɗa, gari ya tsallake ganuwa. Da hanyoyin kwalta suka miƙe sai manyan motoci suka riƙa kwaso gungume daga dazuzzukan kudu, masu faskare na farfasawa a bakin titi, gidajen burodi na haɗiye kaso mai tsoka. Mai saran da ya je dajin da ba zai sake komawa ba, ba shi da dalilin barin kututture. A shekarun arzikin man fetur, musamman bayan buɗe matatar Kaduna a 1980, risho ya shiga gidajen ma'aikata, takin zamani mai rangwame kuma ya rage darajar mangala. Amma da kananzir ya yi wuya a shekarun 1990 sai aka koma wa murhun da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha.

Mafi muni daga cikin abin da ya biyo baya shi ne yaɗuwar gawayi. Da can sana'ar maƙera ce ta fi bukatarsa. Yanzu kuwa, tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 da na fetur a 2023, kuma cika tukunyar gas ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, buhunansa sun cika kowace unguwa. Uwargida tana son sa domin ba ya baƙanta tukunya, kuma ba ta da laifi; sai dai a ramin da ake toya shi, mafi yawan ƙarfin itacen a can yake tashi a banza, har sai an ƙone itace ninki biyar ko fiye kafin a sami awo guda na gawayi, kuma manyan itatuwa masu tauri irin ƙirya da marke da kaɗanya ake nema, waɗanda ba sa girma sai bayan shekaru masu yawa. Wannan israfi ne ko da wanda ya aikata shi talauci ne ya tilasta masa.

Ba na cewa a koma wa murhu mai duwatsu uku, domin hayaƙinsa ya daɗe yana cin idanu da ƙirjin iyayenmu mata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na halaka kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara. Mai halin sayen gas ya saya, ya fi masa da daji sauƙi. Wanda ba shi da hali kuwa, murhun laka ko na ƙarfe mai kewayayyen baki yana rage cin itace ƙwarai, haka nan busar da itace kafin a hura, da jiƙa wake tun dare, da rufe tukunya, da kashe ragowar garwashi a adana shi don gobe. Manoman bayan gari har yau suna sayen sharar birni, a tifa yanzu maimakon mangala, sai dai dole su zauna su tsince leda da fasassun kwalabe kafin su watsa ta. Gidan da ya ware tokarsa da kashin dabbobinsa daban ya sauƙaƙa musu wannan wahala.