Raƙuma 4,000 da Birnin da Ba Shi da Takobi

A wajajen shekarar 363 miladiyya, wasu mahara daga bakin sahara da ake kira Austuriyani suka afka wa karkarar Leptis Magna, birnin da ke gaɓar tekun Libiya gabas da Tarabulus, suka kashe manoma, suka kwashe dukiya. Dattawan gari suka kai kukansu ga Romanus, kwamandan sojojin Rum a Afirka. Ya iso da rundunarsa, amma ya ce ba zai motsa ba sai an tara masa guzuri da raƙuma 4,000. Mutanen da aka riga aka wawashe, ina za su samo? Ya yi kwana 40 a wurin, ya kaɗa kan dokinsa ya tafi. Masanin tarihi Ammiyanus Marselinus ne ya adana labarin, kuma a ganina laifin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a cikin tsarin mulkin yake.

Tun zamanin sarkin Rum Diyokiletiyan, wanda ya hau mulki a 284, da Konstantin bayansa, aka raba ikon lardi gida biyu: gwamna yana riƙe da shari'a da haraji, kwamanda yana riƙe da soja. 'Yan majalisar birni su ke tara haraji, idan ya gaza su cike daga aljihunsu, da wannan harajin kuma ake ciyar da sojan. Su ke biya, amma ba su da bakin cewa soja ya tashi.

Za a ce rabon yana da dalili, kuma gaskiya ne. A ƙarni na 3, duk wanda ya haɗa runduna da baitulmali sai ya fara hangen gadon sarauta. To amma wannan kariya ce ga sarki. Manomin Leptis bai amfana da ita ba. Za a kuma ce ai akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Mutanen Leptis sun bi ta, sun tura wakilai wurin sarki Balentiniyan, sai ƙarar ta faɗa hannun Remijiyus, babban jami'in fada kuma na hannun daman Romanus. Aka aiko wani jami'i mai suna Palladiyus ya yi bincike, Romanus ya sa hafsoshinsa suka toshe masa baki da kuɗin albashin soja, Palladiyus ya koma ya ce mutanen gari ƙarya suke yi. Gwamna Rurisiyus, wanda rahotonsa ya goyi bayan garin, aka yanke masa hukuncin kisa.

Ko da an yarda cewa Ammiyanus ya tsani Romanus, kuma yaƙin sahara ba ya yiwuwa sai da raƙuma, babu kowa a lardin da ke da ikon auna bukatar kwamandan ko tilasta masa. Gaskiya ba ta fito ba sai bayan 373, lokacin da janar Tiyodosiyus ya zo murƙushe tawayen wani mai suna Firmus, aka tsinci wata wasiƙa da ta tona asirin cinikin. Palladiyus da Remijiyus suka rataye kansu.