Baƙo a birnin Kano: daga jaki zuwa A Daidaita Sahu

 Shugabannin ƙungiyarmu ta ƴan Dantchiao sun nemi in rubuta wani abu na tarihi. Na duba na ga da wuya a sami gida a ƙasarmu wanda ba shi da mutum a Kano, ko ɗan ci-rani, ko almajiri, ko mai jinya. Shi ya sa na zaɓi in kawo tarihin yadda baƙo ke yawo cikin wannan birni tun zamanin kakanni, mu ga abin da ya sake da abin da bai sake ba.

Kafin zuwan Turawa babu iyaka tsakaninmu da Kano. Mutanen arewa suna gangarawa da ƙafa, da jakai da takarkarai da raƙuma, ɗauke da kanwa da gishiri da fatu, su komo da goro da tufafi. Ayari yakan sauka a Fagge, watau zangon baƙi da ke bayan ganuwa. Birnin yana da ƙofofi, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal, kowace da sarkin ƙofarta, in dare ya yi a rufe. Mai son kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sai ya bi lunguna masu kama da juna. To, a lokacin nan abin hawan baƙo ƙafarsa, idonsa kuwa fatoma. Fatoma shi ne mai masauki: ya ba ka ɗaki, ya adana kayanka, ya samo maka dillali, ya haɗa ka da yaron da zai kai ka ya maido ka.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyaka, mu muka faɗa hannun Faransa. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, gyaɗar ƙasar Magariya ma mai yawa ta Kano take bi ta hau jirgi. Daga nan gari ya fara fita bayan ganuwa, aka yi Sabon Gari da barikin Nasarawa. Mutanenmu suka soma shiga a kan manyan motocin kaya, amma in an sauka tasha sai dai ƙafa, ko a nemi ɗan dako ko mai amalanke. Mai keke a lokacin babban mutum ne.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako yana gwamna har 1975. A shekarun nan kuɗin man fetur suka shigo Nijeriya, tituna suka cika da tasi da ƙananan bas-bas da ake kira kiya-kiya. Abu biyu suka rikita baƙi. Ran 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hannun hagu suka koma hannun dama irin namu, sa'an nan ran 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule aka kama naira da kwabo, fam guda naira biyu, sule guda kwabo goma. Wanda ya saba lissafi da dala da jika, ya koyi sule da wahala, sai ga shi an sake masa karatu. Ita kiya-kiya ba a karanta ta, saurarenta ake yi. Yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran Bata, ko Kurna, ko Yankaba, wanda bai san sunan unguwar da za shi ba sai ya tsaya bakin titi har rana ta faɗi.

Dattawa ba su manta da 1983 ba, da aka kori baƙi marasa takardu, ko 1984, da aka rufe iyaka ana cikin yunwar da muke kira El-Buhari, ba a buɗe ba sai 1986. Daga wannan shekara darajar naira ta yi ta faɗuwa, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, bas-bas suka ragu. Nan acaɓa ya samu wuri, watau abin da muke ce wa kabu-kabu a Damagaram da Magariya. Ga baƙo ya zo da sauƙi, don yana shiga lungu ya sauke ka ƙofar gida. Samarinmu da dama sun ci abinci da shi, wasu kuma an maido su gida da karaya.

A 2005, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka hana ƴan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babura masu ƙafa uku don su. Mutane suka laƙaba musu sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, A Daidaita Sahu, sunan ya bi su har yau. A watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, A Daidaita Sahu ya zama abin hawan kowa, maza da mata. Aka kafa hukumar Karota mai kula da tituna, aka gina gadojin sama kamar ta Ƙofar Nasarawa, har wanda ya daɗe bai je ba yakan kasa gane wurin da ya sani. A 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, a 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin kowace tafiya ya tashi.

Ni kaina, da nake malamin lakwal, na ɗanɗana. Na raka kawuna neman magani, muka bi ta Babban Mutum da Baɓura muka shiga Kano bayan la'asar. Faransancina bai amfane ni ba, alluna duk da Ingilishi suke, layin wayata kuma ya ƙi aiki. Na tsai da mai A Daidaita Sahu na ce asibiti, ban faɗi wanne ba, ban kuma yi ciniki ba. Ya kai mu wani asibitin daban, ya ce shata muka yi, ya karɓi kuɗin mutum huɗu. Magariba ta yi, kawu yana kwance bakin titi da zazzaɓi. Wani mai shayi ne ya ji harshenmu ya ce, "Ku mutanen Magariya ne?" Ashe ɗan ƙasar Dungas ne. Ya ba mu wurin kwana, da asuba ya sa ƙanensa ya kai mu. A daren nan na gane maganar magabata cewa baƙo ko da ido makaho ne, na kuma gane fatoma bai mutu ba, shayi yake sayarwa.

Don haka, ɗan uwa mai shirin tafiya, ka riƙe abu kaɗan. Ka san sunan wurin da za ka da sunan abin da ke kusa da shi, domin Asibitin Murtala yana wajen Ƙofar Mata, na Malam Aminu Kano kuwa yana hanyar Zariya, tsakaninsu da tafiya. Ka yi ciniki kafin ka hau, ka ce kuɗin kujera guda za ka biya in ba shata kake so ba. Ka canza sefarka tun a iyaka ko a Wapa, ka ware canji a aljihu guda don kada ka zaro damin kuɗi a titi. Ka yi ƙoƙari ka shiga gari da rana. In ka rikice ka tambayi mai shago ko dattijo a bakin masallaci, matambayi ba ya ɓata.

Ga kuma roƙona ga ƙungiya. Daga jaki zuwa kiya-kiya, daga acaɓa zuwa A Daidaita Sahu, abin hawa ya yi ta sakewa, kuma zai sake. Abin da kakanninmu suka dogara da shi, watau mutumin da zai tarbe ka, shi ne muka yi sakaci da shi. Ina ba da shawara a taronmu na bayan kaka a rubuta sunayen mutanenmu mazauna kusa da tashoshin Ƙofar Ruwa da Yankaba da Unguwa Uku waɗanda suka yarda su tarbi baƙo, a ajiye takarda guda wurin maigari, guda wurin sakataren ƙungiya. Kada mai jinya ko tsohuwa ko yaro ya sake barin Dantchiao ba a san wanda zai karɓe shi ba.

Dattawan da suka ga zamanin kiya-kiya da idonsu sun fi ni sani. In na yi kuskure a gyara mini, in na bar wani abu a aiko mu sa a fitowa ta gaba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya, amin.

Wassalam. Naku, malamin lakwal, Dantchiao.